Katin inshorar lafiyar gidanmu: maki shida cikin goma, ga dalilina

Idan aka ce in ba kamfanin HMO ɗin da ke riƙe da katin lafiyar gidanmu maki, wato kamfanin da ke shiga tsakanin mai katin inshora da asibiti, shida cikin goma zan ba shi. Shidan nan ba alfarma na yi masa ba, ya cancance su, huɗun da na hana shi kuma kowanne ina da hujjarsa. Ina aiki a sashen kuɗi na wata makarantar gwamnatin tarayya a Zariya. Katin da sunana yake, maigida ɗan kasuwa ne, don haka shi da yara a ƙarƙashina aka rubuta su. Ina kuma cikin kwamitin walwalar ma'aikata, wanda yake tattara koke-koken abokan aiki ya zauna da wakilin kamfanin, saboda haka abin da zan faɗa ba nawa ne ni kaɗai ba. Ba zan kama sunan kamfanin ko na asibitin ba. Ƙawayena da ke hannun wasu kamfanonin kukansu iri ɗaya ne da nawa, abin da ya nuna min cewa ciwon a jikin tsarin yake, ba a tambarin da ke kan kati ba. Da mata zan fi yin magana, domin mu ne masu zaman benci da yaro a cinya, amma maza ma su saurara.

Ga wadda ba ta shiga ba tukuna, kuɗin yana bi ne ta hannu uku. Akwai hukumar inshorar lafiya ta gwamnati da muka saba kira NHIS, wadda tun 2022 ta koma NHIA, ita ke tantance kamfanoni da asibitoci, ita ke kafa ƙa'ida. Akwai kamfanin HMO a tsakiya. Sai asibiti. Ranar rajista za a miƙo miki jerin asibitocin da aka amince da su, ki zaɓi guda ɗaya, a buɗe miki fayil a can. Daga ranar, ciwon kai ne, zazzaɓi ne, awon ciki ne, can za ki fara zuwa. Idan abin ya fi ƙarfinsu su za su tura ki gaba, amma sai kamfanin ya ba da lambar izini, wadda kowa a asibiti yake kira kod. A takarda, mai ɗaukar aiki yana zuba kashi 10 cikin 100 na tushen albashi, ma'aikaci kashi 5. Idan aka rubuta miki magani, kashi 10 na kuɗinsa kike biya a taga.

Alherinsa na farko a damina ake ganinsa. Kafin mu samu katin, idan yaro ya kwana da zafin jiki, kyamis ake aika babban wansa da safe, a haɗo kala uku a leda, a yi ta ba shi da fatan a dace. Ba son ranmu ba ne, lissafi ne: kuɗin kati, kuɗin ganin likita, kuɗin gwaji, kafin a zo kan magani albashi ya ji jiki. Yanzu kuwa nakan ɗauke shi mu tafi, a tsaga yatsa a gwada jini, idan maleriya ce a ce maleriya ce, idan ba ita ba ce a duba makogwaro da kunne. Sau da yawa abin da nake biya a taga bai kai kuɗin keke napep ɗin da ya kai mu ba. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyaci yake fitowa kai tsaye, wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne.

Amma abin da ya sa ba zan taɓa zagin katin nan ba shi ne haihuwata ta huɗu. Yarinyar ta zo a gicciye, cikin dare likita ya ce sai aiki. A gadon da ke kusa da nawa akwai wata baiwar Allah da ita ma aka ce sai an yi mata, tana murƙususu tana kiran sunan Allah, mijinta ya fita da waya a kunne yana neman kuɗin ajiya, domin ba za a shiga da ita ba sai an ga rasit. Ni babu wanda ya tambayi maigida ko sisi. Hannu ya sa a takardar amincewa, aka tura ni ciki. Da na farfaɗo da asuba na tambayi nas labarinta, ta ce an shiga da ita bayan ni, bayan 'yan uwa sun haɗa, kuma Allah ya raya uwa da ɗa. Har yau idan na tuna sa'o'in da ta yi tana jira jikina yakan yi sanyi. Jaririyata ma a kan katina aka ci gaba da duba ta har makonni 12, kamar yadda ƙa'ida ta tanada, kafin mu yi mata nata rajistar. Maki huɗu cikin shidan nan daren ne ya ba su.

A tagar ɗakin magani ake fara ɓata rai. Ɗana na biyu yana da asma, da zarar hunturu ya shigo ƙura ta taso, daga ɗaya ɗakin ake jin fitar numfashinsa. Likita zai rubuta abu huɗu, mai ba da magani ta miƙo uku masu araha, ta ɗauki jan biro ta yi alama a gefen inhela, wato abin shaƙar masu asma, ta ce, "Hajiya, wannan babu shi, sai dai a waje." Wata rana na hango kwalinsa a kan kanta a bayanta. Na ce, "Ƙanwata, ba ga shi can ba?" Ta dubi bayana ta ga ba kowa kusa, ta rage murya ta ce, "Anti, wancan na masu biya ne. Abin da ake ba mu a kan katinku bai kai rabin kuɗinsa ba, in na ba ki a albashina za a cire." Ban yi mata faɗa ba. Na tsallaka titi na saya da kuɗina, amma maganarta ta sa na koma ofis na zauna na bi sawun kuɗin, tunda aikina ke nan.

Ga abin da yake faruwa. Asibitin da kika zaɓa ba a biyansa bisa yawan zuwanki. Kuɗin kai ake ba shi: wani adadi ƙayyadadde duk wata a kan kowane mutum da aka rubuta a wajensa, ya zo ko bai zo ba. A cikin wannan kuɗin zai ga marar lafiya, ya yi ƙananan gwaje-gwaje, ya ba da magani. Abin da ya rage nasa ne, idan ya gaza kuma shi ya sani. Tamkar mai dafa abincin makarantar kwana ne da aka yanka masa kuɗin kowane ɗalibi: idan shinkafa ta ninka kuɗi ba a ƙara masa komai ba, mai da nama za su fara ɓacewa daga tukunya, yara kuma shi za su zaga. Lokacin da aka fara tsarin a 2005, kuɗin kai naira 550 ne. A 2012 aka mai da shi 750, ya tsaya a nan cak fiye da shekara goma. A tsakanin nan naira ta faɗi warwas, musamman daga tsakiyar 2023, wasu manyan kamfanonin magani na ƙasashen waje suka daina harka kai tsaye a Najeriya, kuɗin inhela da magungunan kashe ƙwayoyin cuta ya yi tashin gwauron zabo. Naira 750 a wata ba za ta sayi katin maganin maleriya mai kyau ba, balle inhela. Sai a 2024 aka fara ƙari, a 2025 kuma hukumar ta sanar da cewa kuɗin kai ya ƙaru da kashi 93 cikin 100, kuɗin manyan ayyuka kuma da kashi 378. Na ga bambanci a taga, jan biron ya ragu, amma bai ɓace ba.

Akwai wani lissafi da nake so kowace mai shirin zaɓen asibiti ta riƙe. A tsohon farashi, asibitin da ke da mutum 200 a rajista naira 150,000 yake samu a wata. Yara biyar su kwanta da ƙarin ruwa, kuɗin ya ƙare. Wanda ke da mutum 5,000 kuwa naira miliyan 3 da dubu 750 yake samu, kuma yawancin mutanen nan lafiyarsu ƙalau a wannan watan, kuɗinsu ne yake ɗaukar nauyin 'yan kaɗan da suka kwanta. Shi ya sa ƙaramin asibiti mai sheƙi, mai sanyin na'ura da kujeru masu laushi, zai iya zama mafi munin zaɓi ga mai kati, babba mai cunkoso da dogon layi kuma ya fi shi samun magani a kanta.

Wannan dabara ta biyan kuɗin kai ba mu muka ƙirƙiro ta ba, daga Amurka aka ɗauko ta, kuma asalinta abu ne mai kyau. A 1933 wani matashin likita, Sidney Garfield, ya buɗe ɗan ƙaramin asibiti a hamadar Mojave ta jihar Kalifoniya, yana duba leburorin da ke haƙa hanyar ruwa zuwa birnin Los Angeles. Bashi ya kusa durƙusar da shi, domin yana yin aiki ba a biyansa a kan lokaci. Sai aka daidaita cewa a riƙa ba shi 'yan kwabbai a kan kowane lebura tun kafin ya yi ciwo. Nan take lissafinsa ya juya: lebura mai lafiya ya zame masa riba, don haka ya mai da hankali kan hana haɗari a wurin aiki da kama ciwo tun yana ƙarami. Attajirin nan Henry Kaiser ya ɗauke shi ya yi wa ma'aikatansa irin wannan a madatsar ruwa ta Grand Coulee, sannan a wuraren ƙera jiragen ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1945 kuma aka buɗe wa jama'a ƙofa. Shi ne Kaiser Permanente na yau, babban kamfanin inshorar lafiya da asibitoci a Amurka. Abin lura a nan, Garfield shi ne mai karɓar kuɗin, shi ne likitan, asibitin ma nasa ne. Namu kamfanonin galibi ba su da gado ko ɗaya, ba su da likitan da zai taɓa ki. Dillalai ne tsakanin kuɗi da asibiti, kuma mafi yawan abin da ke ci min rai daga wannan tazarar yake fitowa.

Kod shi ne babban misali. Babbar 'yata ta yi fama da kunne mai zubar ruwa, aka yi ta ɗiga magani bai ji ba, likitanmu ya ce sai ƙwararren likitan kunne ya gani. Ya rubuta takardar turawa, ya ce mu je teburin masu kati. Teburin a ƙarƙashin matakala yake, da wani saurayi, da babban littafin rajista mai baƙin bango, da waya a jone da caji. Ya ɗauki hoton takardar ya tura wa kamfanin, ya ce mu zauna. Muka zauna tun hantsi. Yarinya ta dafe kunne da gefen hijabinta, audugar da aka sa mata ta jiƙe, na canza mata wata. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tambaya, ni kuma in ce kod muke jira, sai ya gyaɗa kai, kowa ya san zancen. Aka kira azahar muka yi salla muka dawo. Na ce, "Malam, har yanzu?" Ya juyo min da fuskar wayar in gani da idona, saƙo ya shiga, ba amsa. Ya kira layinsu a gabana, yana ta ƙara ba a ɗauka. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, in na tura ku babu kod, can ma ba za su karɓe ku a kan kati ba." Gab da la'asar lambar ta shigo, lokacin an riga an tashi daga asibitin ƙwararrun. Kuma ba kullum likitan kunne yake zama ba, sai da muka jira wani makon.

Duk da haka ba zan ce a soke kod ba, kuma wannan ne wurin da nake saɓa wa wasu abokan aikina a kwamiti. Manyan ayyuka, irin su tiyata da ganin ƙwararru, ba a cikin kuɗin kai suke ba, kowane aiki da kuɗinsa. A nan kwaɗayin yana juyawa: yawan aiki, yawan kuɗi. Wani abokin aikinmu ya taɓa samun kira daga kamfanin ana yi masa sannu da jiki, ana tambayar yadda ɗinkin yake, alhali rabonsa da asibiti tun bara, wuƙa kuwa ba ta taɓa taɓa shi ba. An tura takardar neman biya da sunansa. Idan babu mai tsaron ƙofa, asusun da ya biya min kuɗin aiki cikin dare ba zai kai ƙarshen shekara ba. Abin da nake ƙi shi ne mai tsaron ƙofar da ba ya ɗaukar waya, kuma duk sa'ar da ya jinkirta babu abin da yake ragewa a aljihunsa.

Amurkawa sun sha wannan rigimar kafin mu. Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar HMO a watan Disamba na 1973, bisa shawarar likita Paul Ellwood, don a taka wa tsadar magani birki. Dokar ta tilasta wa duk mai ma'aikata 25 zuwa sama da ke ba su inshora ya sa HMO cikin zaɓin da zai ba su, idan akwai wanda gwamnati ta amince da shi a yankin. Ta fuskar kuɗi abin ya yi aiki. Wani babban bincike na cibiyar RAND ya gano cewa waɗanda aka sa a HMO a birnin Seattle an kwantar da su a asibiti ƙasa da sauran da kusan kashi 40 cikin 100, kuma lafiyar yawancinsu ba ta taɓu ba. Amma binciken ya nuna alamar cewa masu ƙaramin ƙarfi da suka shiga da ciwo a jikinsu ba su ji daɗin tsarin ba kamar sauran, kuma wannan ɓangaren ne ya fi tsaya min a rai, domin irinsu ne suka cika bencinmu. Zuwa shekarun 1990 tsimin ya wuce gona da iri, har ana sallamar mai jego kwana ɗaya bayan haihuwa. Jama'a suka tayar da jijiyar wuya, a 1996 aka yi dokar da ta hana kamfani ƙin biyan kwanciyar sa'o'i 48 bayan haihuwa, ko 96 idan aiki aka yi. Mutane da yawa suka koma wani tsarin mai sassauci da ake kira PPO, inda za ki iya zuwa wurin likitan da ba ya cikin jeri amma ki biya kaso mafi yawa, kuɗin wata-wata ma ya fi tsada. A can ma 'yancin zaɓen likita da kuɗi ake sayensa.

Doka ɗaya tasu nake kwaɗayi ƙwarai. A dokar lafiya ta 2010, zamanin Barack Obama, an wajabta wa kamfanin inshora ya kashe aƙalla kashi 80 cikin 100 na kuɗin da ya karɓa, ko 85 idan na manyan ma'aikatu ne, a kan jinya da inganta ta. In bai kai ba, ya mayar wa masu biya da rarar. A matsayina na mai aikin kuɗi, na san cewa lamba irin wannan, wadda ake bugawa kowa ya gani, ta fi wa'azi dubu tasiri a kan kamfani.

Namu tarihin ya fi tsawo fiye da yadda ake zato. Tun 1962 ministan lafiya na lokacin, Dakta Moses Majekodunmi, ya kai maganar inshorar lafiya gaban majalisa a Legas, ba ta wuce ba. Sai a 1999 gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa dokar soja mai lamba 35, sannan Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin a watan Yuni na 2005, aka fara da ma'aikatan tarayya. Daga nan kukan asibitoci bai sauya ba: kamfanoni suna riƙe musu kuɗi wata da watanni. Farfesa Usman Yusuf, ɗan Katsina, da aka ba shugabancin hukumar a 2016, ya fito fili ya zargi kamfanonin da cin amanar masu kati, aka yi ta kai ruwa rana. Shi ma aka yi masa nasa zarge-zargen, ministan lafiya Isaac Adewole ya dakatar da shi a 2017, fadar shugaban ƙasa ta mayar da shi a 2018, a 2019 aka sauke shi. Ba ni ce alƙaliyarsu ba. Abin da na sani shi ne a farkon 2022 ƙungiyoyin masu asibitocin kuɗi sai da suka yi barazanar daina karɓar masu katin HMO saboda bashi da ƙarancin farashi. Asibitin da aka riƙe wa kuɗinsa na wata da watanni, da wace fuska zai tarbi mai kati? Kallon da wasu ma'aikatan ke yi mana idan muka ce "na kati ne", da yadda ake ware mana layi daban, daga nan yake tasowa.

A watan Mayu na 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, wadda ta mai da inshorar lafiya wajibi a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma kafa asusun marasa galihu da aka ce zai ɗauki nauyin mutum miliyan 83. Jihohi ma sun kafa nasu hukumomin taimakekeniya, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Duk da haka, zuwa 2025 masu inshora a ƙasar nan kusan miliyan 20 ne, cikin mutum fiye da miliyan 200. Abin da ya fi shafata kai tsaye shi ne umarnin da hukumar ta bayar daga Afrilun 2025: kamfani ya ba da kod cikin sa'a ɗaya, idan ya wuce haka asibiti ya ci gaba da aiki ya sanar da hukuma, a larurar gaggawa kuma ba a jiran kod kafin a fara. Na buga wannan sanarwar a takarda, na naɗe ta a cikin jakar katinmu. Da maigida ya buƙaci hoton ciki kwanakin baya, na ajiye ta a kan teburin nan na ƙarƙashin matakala ba tare da hayaniya ba. Saurayin ya karanta, ya kira, ya karanta musu ta waya. Kafin in gama amsa gaisuwar wata maƙwabciya lambar ta shigo.

Inda har yanzu ba a gyara ba shi ne tafiya. Mun je gida hutun Babbar Salla, can wajen Funtuwa, asmar yaron ta tashi tsakar dare. A ƙa'ida, idan larura ta same ki a wani gari kina iya zuwa kowane asibitin da hukuma ta amince da shi. To amma da ƙarfe biyun dare, yaro yana jan numfashi da ƙyar, leɓensa ya fara sauya launi, wa zai tsaya binciken jeri? Mafi kusa muka nufa, wani asibitin kuɗi da bai san zancen kati ba. Sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu, suka sa masa abin shaƙa da iskar numfashi har ya dawo daidai, muka biya lakadan. Da muka dawo na haɗa rasitai da wasiƙa na kai wa kamfanin. Amsar ita ce asibitin ba ya cikin jeri. A bisa takarda suna da gaskiya. Amma jerin nan a manyan birane ya taru, mu kuma iyayenmu a ƙauye suke, kuma muna zuwa. Amurka ma sai a farkon 2022 dokarta ta fara aiki da ta hana a ɗora wa majinyaci ƙarin kuɗi don an kai shi gaggawa asibitin da ba na jerin kamfaninsa ba. Irin wannan kariyar muke buƙata, a kan kowane asibiti mai rajista, ba na jeri kaɗai ba.

Sai maganar iyali, wadda a kwamiti ta fi kowace jawo cacar baki. Katin yana ɗaukar ma'aikaci, da abokin aure ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Wanda ya tsara wannan bai leƙa gidajenmu ba. Abokin aikina mai mata biyu sai da ya zaɓi wadda zai rubuta, kuma kowa ya san abin da wannan zai haifar a cikin gida. Ni 'ya'yana biyar, autan ba ya ciki, haihuwarsa ma da kuɗinmu muka yi, domin haihuwa huɗu ake ɗauka. Marayun da mutum yake riƙo ba sa ciki. Ana iya ƙara mutum da biyan kuɗi daban, mun yi wa autan haka, amma ba kowa ke da halin ba. Manyan cututtuka ma akwai iyaka. A ƙa'idojin da muka shiga a kansu, hoton CT da MRI rabin kuɗi ake biya miki, wankin ƙoda kuma sau shida ne kawai. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san shida ba ta kai ko wata guda ba.

Hajiyarmu ce ta fi damuna. Tana da hawan jini da suga, ita ce ta fi kowa a zuriyarmu buƙatar likita duk wata, kuma ita ce katin bai san da zamanta ba. Da na ce zan ƙara ta, sai ta ce, "Ke dai bar shi, 'yar nan, kuɗin yara ne." Ban bari ba. Na yi mata rajista, na zaɓar mata asibitin da ya fi kusa da gidan Yaya, inda take zaune, ba nawa ba, domin mai ciwon suga ba ta buƙatar doguwar tafiya kafin a gwada ta.

Wadda za ta cike fom gobe, kada ta zaɓi asibiti daga takarda. Ki je da ƙafarki da safe, ki nemi teburin masu kati ki ga ko akwai mutum a zaune. Ki tsaya kusa da tagar magani ki saurari sau nawa ake cewa "babu". Ki tambayi matan da ke benci, su ba sa ɓoye komai. Ki tambaya ko suna da likita da dare, ko suna yin aiki a nan ko turawa suke yi, domin asibitin da ke da ƙwararrunsa a ciki yana rage miki yawo ko da an jira kod. Ki ajiye lambar kamfanin da ta ofishin hukumar na jiharki a waya, kuma kada ki yar da rasit ko na naira ɗari ne. Idan wurin bai yi miki ba, bayan wata shida kina da damar canzawa, kuma ki canza, domin kuɗin kanki yana bin ki duk inda kika koma.

A zamanmu na ƙarshe da wakilin kamfanin, buƙata ɗaya na gabatar a madadin kwamiti: duk wata su turo mana shaidar ranar da suka biya kowane asibitin da ma'aikatanmu suke, mu liƙa a allon sanarwa. Idan an biya asibiti ya ce babu magani, mun san wanda za mu tuhuma, idan ba a biya ba ma mun sani. Wakilin ya ce sai ya tuntuɓi hedikwata. Mun rubuta buƙatar a takarda, shugaban kwamiti ya sa hannu, mun aika kwafi ofishin hukumar na jiha, kuma ita ce magana ta farko a ajandar zaman wata mai zuwa.